Furfurar da Mai Rini Ta Ƙi Rinawa

Duk macen da ta taɓa zama a kujerar Mai Rini ta san da farin layin nan. Idan Mai Rini ta sunkuya da buroshi a hannu, ɗankwalinta ya zame baya, sai a ga gashi baƙi wuluk daga tushe, can ƙasa kuma wani fari ƙal mai faɗin yatsu huɗu ya kewaye kan, daga nan baƙin ya ci gaba har ƙarshe. 'Yan mata sukan ɗauka sabon yayi ne, har an samu wata mai rawar kai da ta nemi a yi mata irinsa. Mai Rini ta ce wannan ba ya cikin abin da take yi wa mutane, ta juya mata kai ta ci gaba da aiki. Manyan matan layin kuwa ba sa tambaya, don sun san farin nan shi ne iyakar abin da 'yarta ta bar mata a duniya.

Furfura ta riske ta tun ba ta gama makaranta ba, gadon dangin ubanta ne. Yara suka sa mata 'Yar Tsohuwa, suna durƙusa mata a hanya suna gaishe ta da ƙafa da ciwon baya. Ta sha kuka, har yayarta ta gaji ta sayo garin rini mai araha, ta dama a murfin gwangwani, ta lafta mata. Gashi ya yi baƙi, kunnuwa da goshi ma suka yi baƙi, ta yi kwanaki ba ta leƙa ƙofar gida ba. Daga ranar ta rantse ba wanda zai sake taɓa mata kai da rini sai ita, kuma a kan nata ta koyi sana'ar: yadda ake shafa basilin a goshi da bayan kunne kafin a fara, yadda ake tsaga gashi layi-layi, da lokacin da za a wanke kafin fata ta soma zafi.

Shagonta na tsakanin mai kemis da mai gyaran waya. Kujeru biyu ne, da madubi mai tsagewa a kusurwa, da bahon wanke kai, da injin busar da gashi mai ƙara kamar zai tashi sama. Kitso tana yi, wanki tana yi, amma rini ne ya yi mata suna. Faratanta baƙaƙe ne har abada, don safar hannu tana hana ta jin gashi, in ji ta. Rabin matan layin ita ce ke riƙe da asirin shekarunsu, kuma ba a taɓa jin bakinta ba. Wata za ta shigo da la'asar a lulluɓe kamar mai laifi, ta fita tana taku ɗai-ɗai, washegari a ji ta tana cewa su danginsu ba sa furfura da wuri. Mai Rini sai dai ta yi murmushi ta wanke buroshi.

Mijinta mai fenti ne, kuma fentin shagon ne ya kawo shi. Yana kan tsani ya dubi hannunta, ya dubi nasa, ya ce ashe sana'arsu ɗaya, shi yana rufa wa bango asiri ita tana rufa wa kawuna. Ta ce ai akwai bambanci, nata bangon yana godiya. Wannan ita ce doguwar maganar da aka taɓa ji daga bakinsa, don mutum ne da sai a yini da shi bai cika kalma goma ba. Aka yi aure. Ba ta taɓa bari ya ga furfurarta ba. Da tushe ya fara haske, za ta kulle shago ta rine, ta koma gida tana ganin ta yi wayo. Ta manta wanda take aure hancinsa ya san sabon shafi tun daga bakin ƙofa.

Shekaru suka yi ta tafiya, haihuwa shiru. Sun taka asibitoci, sun sha magunguna, sun sha shawarar mutanen da ba a tambaya ba. Ta yi wa 'ya'yan ƙawayenta kitson farko, ta yi musu na shiga makaranta, wasu har ta gyara musu kai ranar aurensu. Da ta haye arba'in sai ta daina lissafin wata, ta ce ta haƙura, shi ma ya ce ya haƙura, kowa ya yi kamar ya yarda da ɗan'uwansa.

Sai ga shi wata safiya ta buɗe kwalbar rini, warin da ta shekara ashirin tana shaƙa ya juya mata ciki, da ƙyar ta kai bakin baho. Ta ɗauka ciwon shawara ne, ta leƙa wurin mai kemis neman magani. Matar ta dube ta sama da ƙasa, ta miƙo mata abin gwajin ciki, Mai Rini ta ce kada ta yi mata ba'a da girmanta. Ta dai karɓa don a zauna lafiya. Da abin ya nuna, ba murna ce ta fara zuwar mata ba, tsoro ne, domin satin da ya wuce ta rina kanta tun daga goshi har ƙeya.

Ranar awon farko, ungozomar asibiti ba ta ma ɗaura mata abin auna hawan jini ba, Mai Rini ta zaro kwalin rinin daga jaka ta ajiye a kan tebur. Ta ce a gaya mata gaskiya, ta riga ta cuci abin da ke cikinta ko kuwa? Ungozomar ta yi dariya, ta ce ta kwantar da hankalinta: abin da ke ratsa fatar kai daga rini kaɗan ne ƙwarai, ba a san shi da yi wa ɗan ciki lahani ba. Mai son ƙarin natsuwa ta jira watanni ukun farko su wuce. Ita da take sana'ar kuwa, ta riƙa sa safar hannu, ta buɗe taga, kada ta yini cikin wari. Mai Rini ta yi ta gyaɗa kai kamar ɗalibar kirki, ta yi godiya, ta koma shago ta kwashe duk wani abu mai suna rini ta zuba a kwali, ta aika wa Yaya, yayar tata da ta fara yi mata rini. Cikin da aka jira shekara da shekaru ba da shi za a gwada maganar kowa ba, ko da ta likita ce.

Masu furfura suka yi ta guna-guni, wasu suka koma wani shago, ba ta ko ɗaga kai ba. Mai Fenti shi ma ba tare da an ce masa komai ba ya daina shigowa da kayan aiki gida. A can wurin aikin yake tuɓe su, ya wanke hannu da sabulu har fata ta yi fari, sannan ya tsaya a ƙofa ta shinshina shi kafin ya shiga.

Ita kuwa furfura, da ta ga ba mai hana ta, sai ta fito da ƙarfinta. Mai Rini ta koma kwana da ɗankwali, tana tashi da shi. Wata safiya tana ɗaure-ɗaurenta a gaban madubi, mijin ya ce daga bayanta:

"Ki cire abin nan ki sha iska. Na san da ita tun ina kan tsani."

Ta jefe shi da ɗankwalin, ta ce ashe shekarun nan duk kallonta yake tana wahalar banza. Ya ce shi dai aikin yana burge shi ne, ba ya son ya katse mai sana'a.

Daga nan furfurar ta zama ma'auninsu. Wasu mata da zane suke gane girman ciki, ita da yatsa take aunawa a goshi. Fari ya kai faɗin yatsa ɗaya laulayi ya sake ta, ya kai biyu ta ji motsi, ya doshi uku hoton ciki ya nuna mace ce. Ta sayi ɗan mataji mai laushin haƙora ta ɓoye a aljihun tebur. Tana yi wa 'ya'yan mutane kitso tana zaɓen wanda za ta fara yi wa tata. Abin da ke damunta ɗaya ne, kada yarinyar ta gado ta. Takan ce wa mijin, yadda jininsu yake da ƙarfi, wannan da furfurarta za ta faɗo, ungozoma ta durƙusa ta ce sannu da zuwa Kaka. Shi kuma ya ce ba komai, uwarta na da maganin abin. Yarinyar tana da wata ɗabi'a: da an kunna injin busar da gashi sai ta hau shure-shure, har masu gyaran kai su ga riga na motsi. Mai Rini ta ce wannan tun daga ciki ta fara faɗa da ƙarar shago.

Cikin wata na takwas, wata rana da hantsi, tana tsakiyar kitso ta tuna tun safe ba ta ji motsi ba. Ta sha ruwan sanyi, ta zauna, ta miƙe. Sannan ta bar matar da rabin kai a tsefe, ta je ta kunna injin ba kowa a ƙarƙashinsa, ta tsaya kusa da shi ta dafa ciki. Injin ya yi ta ƙararsa. Matar da ke kan kujera ce ta tashi ta kashe shi, ta kira mai kemis.

A asibiti aka ɗora mata abin jin bugun zuciya, aka matsar nan, aka matsar can, aka kira wani likita ya zo ya sake dubawa. Babu wanda ya yi sauri bayan wannan, kuma da haka ta gane. Jininta ya hau, jiki ya rikice, dole aka yi mata allurar barci aka shiga da ita ɗakin tiyata. Da ta farfaɗo washegari an riga an kai yarinyar makwancinta, Mai Fenti ne ya ɗauke ta a hannunsa. Ba ta gan ta ba, ba a sa mata suna ba, likita kuma ya faɗa mata a hankali cewa kada ta sa ran wani cikin. Mijin yana zaune a gefen gado ya haɗa hannuwa tsakanin gwiwoyi. Ba ta tambaye shi yadda yarinyar take ba, don tana tsoron amsar, shi kuma bai faɗa ba, don yana tsoron fuskarta.

Likitan ta tsare da tambaya. Rinin nan ne? Ya ce ba shi ba ne. Wanda ta yi kafin ta sani fa? Ba shi ba ne. Warin da ta shaƙa shekaru? Ya ce Hajiya, ko kusa. Irin wannan yakan faru ga wadda ba ta taɓa ganin kwalbar rini ba, wani lokaci kuma a bincika a rasa dalili. Mutane suna ganin wannan magana ce mai sanyaya zuciya. Ita ba ta sanyaya mata komai ba. Da an ce rinin ne, da ta samu abin da za ta tsana, ta fasa kwalabe, ta zagi kanta ta huta. Amma ta kiyaye abin da aka hana, ta kiyaye har wanda ba a hana ba, aka kuma raba ta da 'yarta ba tare da an nuna mata inda ta yi kuskure ba. A layi kuwa masu ilimin bakin titi sun riga sun yanke hukunci, wai guba ce ta taru mata a jini. Yaya ta tare biyu daga cikinsu a gaban shagon mai waya ta wanke su tas, har da tuna wa ɗaya wadda ke rufa mata asirin kai.

Bayan ta ɗan ji ƙarfi Yaya ta zo wanke mata kai, ta taho da kwalin nan. Ta ce a rine, ko fuskarta ta dawo, saboda furfurar ta mayar da ita kamar uwarsu. Mai Rini ba ta ce a'a ba. Tana zaune gaban madubi, an shafa mata basilin, Yaya ta tsaga gashi ta ɗebo rini a buroshi, sai idonta ya sauka a kan farin. Inda baƙi ya ƙare nan ne satin da ta san da yarinyar. Daga nan har fatar kai kuwa duk kwanakin da suka yi tare ne. Ta riƙe hannun Yaya.

Ta ce a jira sabo ya tsiro, shi za a rina, wannan a bar shi. Yaya ta ce wannan ai azabtar da kai ne, kullum mutum ya duba madubi ya ga abin da zai tayar masa da ciwo.

"Yaya, ke in an ce ina naki, kira za ki yi su zo," in ji ta. "Ni wannan ne nawa. Tare muka yi shi da ita."

Yaya ta ajiye buroshin ta fita tsakar gida, ta daɗe ba ta dawo ba.

Haka aka yi. Duk lokacin rini sai ta tsaga kanta layi-layi, ta cika farin da basilin, ta naɗe shi da 'yan yankan leda, ta rina tushe kawai. Aikin da take gamawa kafin ruwa ya tafasa ya koma cin rabin yini. Takardar hoton cikin da ta adana ta koɗe a hankali har ta zama fara fat, ya rage sai gashin. Ta dawo da rini shago, don sana'a ba ta jira. Idan mai ciki ta zauna tana tambaya cikin tsoro, Mai Rini takan maimaita mata maganar ungozoma ba ragi ba ƙari, ta buɗe taga, ta sa safar hannu, ta yi mata aikinta. Ba ta taɓa tsorata kowa da labarinta ba. Sai dai in matar ta fita, takan daɗe tana wanke kwano ɗaya.

Abin da ta fi kowa sani shi ne ya hana ta sakat: gashi tafiya yake yi, ba a zaune yake ba. Farin ya bar goshi, ya wuce kunne, ya gangara wuya. Ta daina sa wa kanta zafin inji, ta daina kitso mai ja, tana bin sa da mai kamar mai jinyar ƙwai. Duk da haka baƙin da ke ƙasa ya yi ta karyewa kaɗan-kaɗan yadda bakin gashi ya saba, har bayan shekara biyu da wani abu ya ƙare, farin ya zama shi ne ƙarshe.

Wata la'asar tana sharar shago ta hango 'yan guntaye farare a cikin tarin gashin mutane. Ta saki tsintsiya ta durƙusa tana tsince su ɗaya-ɗaya, tana hure ƙura. A haka Yaya ta shigo ta same ta. Wannan karon ba ta yi faɗa ba. Ta ce tun yaushe yake zuba? Mai Rini ta ce ba ta sani ba, kuma rashin sanin ne ya fi ƙona mata rai, don ta yiwu ta daɗe tana kwashe 'yarta da abin kwasar shara. Yaya ta ce to ta yanke shi tun yana haɗe, ta adana. Mai Rini ta ɗauki almakashi a ranar, ta ɗauka washegari, hannun da ya yanke gashin rabin unguwa ya ƙi rufuwa.

Ranar da ba ta buɗe shago ta ce wa mijin ya raka ta. Ta zauna a kujerar da take zaunar da mutane, ta yafa tawul, ta taje gashin ta ɗaure shi gida-gida da zare a daidai inda fari ya soma, ta miƙa masa almakashi. Mutumin da ke jan layi a bango ba tare da igiya ba, sai da ya gwada almakashin sau biyu kafin ya fara. Ya bi ɗaurin ɗaya bayan ɗaya yana yankewa, yana ajiye mata a cinya. Da ya gama ta tattara, duka bai cika tafin hannunta ba.

Ta daɗe tana kallonsa. A madubi kanta ya koma baƙi gaba ɗaya, kamar na macen da ba abin da ya taɓa samunta. Mai Fenti yana tsaye a bayanta da almakashi, sai ta ji ya yi gyaran murya.

"Tana da gashi," ya ce. "Cike da kai. Har ya kwanto mata a goshi."

Ba ta juya ba, ta madubi ta dube shi. Tun daga asibiti wannan ne karo na farko da wani ya ba ta labarin 'yarta.

"Ka taɓa?"

"Na taɓa. Da yatsa na gyara mata shi gefe, yadda na ga kina yi wa yara. Ban sani ba ko na yi daidai."

"Da laushi?"

"Da laushi."

Can ta ce, da wata murya ƙarama, "Ba furfura?"

"Ko ɗaya," ya ce. "Baƙi wuluk."

Dariya ta kuɓuce mata, guntuwa, daga nan kukan da ta riƙe shekara biyu ya taho gaba ɗaya. Ta kifa kai a kan tebur tana yi, ya dafa kafaɗarta, shi ma hawaye na bin gemunsa bai share ba. Da ta samu numfashi ta jawo aljihun tebur ta ɗauko ɗan matajin nan da ba a taɓa sa wa kai ba. Ta shimfiɗa farin gashin a tafin hannunta, ta shiga taje shi a hankali, daga sama zuwa ƙasa, yadda ake yi wa jarirai don kada su ji zafi.